Hannun Yayana

A unguwar Lamisula muka tashi, kuma da sana'ar hula aka ciyar da mu. Mahaifinmu yana da rumfa a Kasuwar Litinin, amma gaskiya hannun yayana ne ke riƙe da ita. Shi yake zana fure a kan farin yadi da biro, sannan a rarraba wa matan unguwa su bi zanen da zare da allura. In babu zane, babu ɗinki. Ni ma na gwada, Baba ya duba nawa ya ce ko kaza ta yi tsalle a kan yadin sai ta fi ni tsari.

Da rikici ya tsananta aka rufe hanyoyi, masu sari daga Chadi da Kamaru suka ɗauke ƙafa. Yaya ya gaji da zaman kashe wando, ya bi ayari zuwa Libiya, ya kama aikin gini.

Ba zan yi butulci ba, aikensa ne ya hana tukunyarmu sanyi, har rufin ɗaki muka sake. Sai dai gidanmu kaɗai ya ci. Matan da ke ɗinki suka yi ta zuwa suna komawa hannu rabbana, har suka daina. Wannan abu ya ci mini rai, har yau yana ci.

Bayan shekaru Yaya ya zo ganin gida. Wata tsohuwa da aka koro daga ƙauyensu, mijinta ya rasu a hanya, ta ji labari ta zo da yadinta a naɗe cikin gyale.

"Wushe, sannu ɗana. An ce kai ne mai zanen."

Yaya ya shimfiɗa yadin a gwiwa, ya karɓi biro. Sai a lokacin na lura da yatsunsa: siminti ya cinye su, sun kumbura, sun tsattsage. Ya ja layi ɗaya ya karkace. Ya sake, biron ya suɓuce.

"Iya, ki yi haƙuri," in ji shi, kansa a sunkuye. Ya sa hannu a aljihu ya miƙa mata kuɗi.

Ta dube shi, ta ajiye su a kan tabarma, ta naɗe yadinta a hankali.

"Allah ya yi maka albarka. Amma ni aiki na zo nema."

Bayan Sallah Yaya ya koma Libiya, tun da can ne kawai hannun nasa ke da sauran amfani.