Ya Gumsu Mai Shanun Yumɓu

Kullum bayan sallar asuba Ya Gumsu takan hura wuta ta soya gyaɗa da aya, ta daka dakuwa, ta narka mazarƙwaila ta zuba riɗi ta yanka kantu ƙanana-ƙanana. Kafin hantsi ta shimfiɗa tabarma a gindin tsamiyar ƙofar gidanta, can gefen garin Azare, da ƙwaryar yumɓu da damin karan dawa kusa da ita. Yara su taru. Mai anini ya saya, marar anini ya miƙo hannu a gutsura masa. Daga nan sai aiki: wannan na murɗa saniya ana kafa mata ƙaho da ƙaya, wancan na ɓare kara yana haɗa mota da totuwa, 'yan mata na ɗaura wa 'yar tsana tsumma. Da azahar ta yi kowa ya watse gidansu, ita kuma ta naɗe tabarma ta shiga gidan da babu kowa a cikinsa.

Babarbariya ce, a tsohon garin Katagum aka yi mata aure. A can agana ta shiga gidansu ta ɗauke 'ya'yanta biyu cikin mako ɗaya, ita ta tashi da zanzana a fuska. Maigidanta Bunu ya kawo ta Azare ko za ta sami sauƙin zuciya, bai yi shekara uku ba shi ma ya rasu. Danginta na Borno ba su zo ba, ita ma ba ta koma ba.

Shekara ashirin da wani abu ke nan da agana ta sake ɓullowa a ƙasar nan, aka kafa bukkoki a bayan gari ana keɓe waɗanda ta kama. Malam Ya'u, wanda yake duba-gari a lokacin, ya ce abinci a bakin shinge ake ajiyewa a juya da sauri. Wata safiya sai ga Ya Gumsu da ƙwarya a ka tana neman shiga.

"Iya, koma gida," in ji shi. "Wanda ya shiga ba ya fita sai an gama."

"Malam, dubi fuskata. Ta riga ta gama da ni. Yara nawa ne a ciki?"

"Goma sha ɗaya."

"To, buɗe mini."

Wata biyu ta yi a ciki. Hauwa, ɗaya daga cikin yaran, wadda yanzu take aure a Disina, tana da shekara biyar a lokacin. Ta ce ba ciwon ne ya fi damunsu ba, ƙaiƙayi ne, da rashin ganin uwa. Ya Gumsu takan jiƙa dakuwa ta yi laushi saboda bakinsu duk ƙuraje ne, ta kuma damƙa wa kowa curin yumɓu don kada hannu ya sami sararin susa. Huɗu daga cikin yaran ba su tashi ba. Ita ta rufe musu ido.

Akwai wani ɗan Fulani a cikinsu, Bappayo, da aka kawo daga wata ruga ta wajen Jama'are. Ba ya jin Hausa, ita ba ta jin Fulatanci. Kwana uku yana kuka ya ƙi cin komai. Ta zauna gabansa ta murɗa saniya mai tozo da dogon ƙaho ta ajiye. Ya daina kuka, ya nuna ta da yatsa ya ce, "Nagge." Ta maimaita kalmar. Ranar ya sha kunu.

Da aka rushe bukkokin, ba wanda ya zo ɗaukarsa, domin iyayensa sun tashi da shanu. Ta kai shi gida. Damina guda ya yi a ɗakinta, har ya fara kiranta Inna. Ran nan sai ga ubansa da sanda a kafaɗa, ya yi godiya, ya ajiye ƙwaryar man shanu, ya saɓa yaron. Ta raka su har bakin gari. Ba ta sake jin labarinsa ba.

Mutanen gari kuwa tsoronta suka shiga yi. Uwa ta hango ɗanta ya nufi tsamiya sai ta ƙwala masa kira. Kusan shekara biyu tana yin kantu tana fitowa da faifai, ta mayar da shi yadda ta fito da shi. Ba ta yi wa kowa ƙorafi ba. Sai da yara suka fara satar jiki suna zuwa ɗaya-ɗaya, sannan iyaye suka kau da kai.

Ya Gumsu, ke ce kika shiga inda iyaye suka tsaya a bakin shinge. Ke ce uwar 'ya'yan da ba ki haifa ba. Magina da maɗinka da masassaƙan garin nan, da yawansu a tabarmarki hannunsu ya fara koyon aiki, ba kuma dukkansu ke tsayawa su gaishe ki ba.

Bana hannunta ya soma rawa, ido ya yi rauni, ta ce bayan Babbar Sallah za ta ajiye taɓarya. An tambaye ta ko akwai abin da take so a yi mata.

"Abinci ina samu, alhamdu lillahi," ta ce. "Wanda za mu sa hannu tare ne babu."

Mun gode, Iya. Allah Ya saka miki da Aljanna, Ya haɗa ki da 'ya'yanki a can. Ku kuma mutanen Azare, mata su je su koyi dakan nan da murɗa yumɓun nan tun tana iya nunawa, su buɗe ƙofarsu ga yaran unguwa kamar yadda ta buɗe tata. In kuma za ku kai mata tuwo, kada ku aika a ajiye mata a bakin ƙofa. Ku je da kanku, ku wanke hannu, ku zauna ku ci tare da ita.