Garkar Inna da Kashin Yawo

Har yau in na ji warin kashin jaki da ruwan farko ya jiƙa, sai in ga kaina ɗauke da kwando a kan hanyar gidanmu a Dutse, ruwan taki yana bin wuyana, ni kuwa ina ta murmushi.

A shekarun nan ne Nasara suka kawo jirgin ƙasa Kano, kowa ya koma noman gyaɗa. Fatake suka yawaita, suna ɗaure jakunansu a gindin wata tsamiya kusa da mu kafin su wuce. A wannan zangon nake ɗebo taki.

Bayan ɗakinmu akwai wata 'yar garka da Inna, mahaifiyata, ta bari. Tun rasuwarta ba wanda ya taɓa wurin. Gwaggo, ƙanwar mahaifina da ta riƙe ni, ta daɗe tana son ta kafa wa awakinta turke a ciki. Na roƙi Baba, ya ɗago kai daga littafinsa ya ce, "Damina ɗaya. In ta yi miya, taki ce. In ba ta yi ba, ta awaki ce."

Na yi kwana uku ina zaɓen abin shukawa. Da yake Baba ya koya mini rubutu, sai na samu guntun takarda na jera su. Lalle a jikin danga, don Inna tana son ƙanshin furensa. Ɗoɗɗoya a bakin ƙofa, yadda duk wanda zanensa ya goge ta zai fita da ƙanshi. Rama da kuɓewa na sa su a ƙarshe, su ma don sharaɗin Baba.

Gwaggo ta leƙa takardar, ko da yake ba ta karatu.

"'Yar malam, me aka rubuta?"

"Lalle ne, Gwaggo, da ɗoɗɗoya."

"To, madalla. Ranar da tuwo ya sauka sai mu shinshina."

Na zuba taki kwando bakwai, na shuka, na jira. Bayan mako guda garka ta yi kore shar. Na kira Gwaggo da gudu ta zo ta gani. Ta durƙusa, ta tsinko ganye ɗaya mai gashi-gashi, ta juya shi.

"Wannan ba kuɓewarki ba ce. Kashin yawo ne, ciyawar nan da ta shigo gari kwanan nan. Sannu da noma."

Na cire su tas. Bayan kwana huɗu suka dawo, har sun fi da. Na sake cirewa. Da na ga ramata ta yi rawaya, ta tsaya kamar marar lafiya, sai na ce yunwa take ji, na koma gindin tsamiya na ƙaro kwando uku. Ciyawar ta taso kamar na yi mata gayya.

Ban san ina da fushi ba sai a daminar nan. Ni da nake tsayawa kallon hadari yana hawa kan duwatsu har tuwo ya ƙone, na koma ina zagin ganye da babbar murya. Waɗanda suka ɓuya mini a ƙarƙashin danga suka yi 'ya'ya masu ƙaya. Suka kama bakin zanena, suka bi ni ɗaki, suka shiga tabarma. Wata rana Baba ya zauna a kan buzunsa ya miƙe da sauri yana salati.

"Gwaggo, daga ina suke fitowa ne? Jiya fa na share!"

"Ki tambaye su mana. Ke da kike hira da su tun safe."

Na kawo toka na barbaɗa. Na kawo ruwan zafi na kwarara, ya kashe mini ɗoɗɗoya biyu, ciyawar ko a jikinta. Duk lokacin da na ga shukata ta rame, sai in ƙara mata taki.

Da kaka ta yi, abin da na samu kuɓewa tara ne. Gwaggo ta jera su a faifai ta kai gaban Baba. Ya ƙirga su, ya mayar da kai ga littafinsa. Washegari aka kafa turke. Lallen ya kai gwiwata a lokacin. Kafin azahar awaki sun cinye shi, kashin yawon kuwa suka tsallake shi.

Sai bayan shekaru, ina gidan aure a Jahun, na ga surukata ta kori wani mai jaki da ya kawo mata taki daga zango. Na tambaye ta dalili. Ta ce takin zango ba a zuba shi ɗanye, sai ya shekara a rami ya ruɓe, domin 'ya'yan kashin yawo a gashin jaki suke tafiya, su kakkaɓe a inda ya kwana, a share su tare da kashin.