Ranar da Sista Monika Ta Koma Gaban Allo

Ranar Laraba ce, farkon damina, shekarar da nake aji shida, saura kwana uku mu zauna jarrabawar shiga sakandare. An yi ruwa da asuba, rufin ajinmu yana ɗiga a kusurwar da ya saba, mun ja benci gefe muna kallon Sista Monika tana rubuta lissafin rabawa a allo. Sai muka ji ƙarar babur. A ƙauyenmu na bakin tafkin Kainji babur ba abin ji kullum ba ne a lokacin, balle da damina da hanya ke yankewa, don haka kowa ya miƙa wuya. Mai babur ɗin ya sauko, laka har gwiwa, ya cire hula ya tsaya a bakin ƙofa. Ni ce ke zaune dab da ƙofar, domin Sista ta raba ni da ƙawata Asabe saboda surutu, kuma kunnena, Allah ya sani, bai taɓa barin magana ta wuce shi ba. Na ji mutumin sarai yana cewa Fada, limamin cocinsu Sista, ne ya aiko shi daga Yelwa, mahaifiyar Sista ta rasu shekaranjiya, ran Asabar za a binne ta, ta ɗauko jaka su tafi yanzu ko ta samu motar yamma. Sista ta dubi allin da ke hannunta. Can ta ce, "Ka ce wa Fada na gode. Sai bayan Asabar." Ta juyo, ta koma gaban allo, ta ce mana, "Ina muka tsaya?" Wallahi ta ƙarasa lissafin nan har ƙasa, ta ja masa layi biyu, ta ba mu wani mu yi. Ni kuwa bakina a buɗe nake kallonta.

Sista Monika 'yar wani ƙauye ce can kudancin Zariya, tafiyar kwana biyu a mota in an yi sa'a. Gajeruwa ce, baƙa, kullum da farin lulluɓi da takalmin roba, kuma lulluɓin nan bai taɓa zamewa ba, har muka yanke a tsakaninmu cewa ba ta da gashi ba ta da kunne. Ta zo ta tarar da makaranta mai ɗaki biyu a ƙarshen gidajen da gwamnati ta gina wa iyayenmu bayan ruwa ya cinye tsohon gari. Ƙararrawarmu tsohon ƙarfen ƙafar mota ne rataye a mangwaro, allonmu kuwa mu muke baƙanta shi duk Litinin da gawayi da ɗanyen ganye. Ba ta da bulala, amma akwai wani kallo da take yi wanda gara bulalar. Takan ce, "Wanda ya san amsa ya ɗaga hannu ɗaya, wanda bai sani ba ya ɗaga biyu," kuma mai hannu biyun take fara zuwa wajensa. Ran Juma'a tun hantsi take sallamarmu, in kuma ta ga ɗan Musulmi yana gararamba da la'asar ita da kanta ke kora shi makarantar allo. Uwar tata ma mun san da ita, domin duk shekara takan aiko mata da acca da citta a ƙulle cikin tsumma, Sista ta dama mana kunun accan mu sha muna yamutsa fuska.

Karatu a wajenmu saura ne, abin da aiki ya rage. Da rani ana ban ruwan albasa da ƙwarya tun rana ba ta fito ba, da kaka ana korar tsuntsu a shinkafa har murya ta dushe, kullum kuma akwai kifin da za a fede a jera a kan banda, hayaƙi yana cin ido. In mun samu sarari sai mu faɗa ruwa, ko mu kafa gaɗa a kan rairayi har a aiko a kore mu. Sista takan bi mu har fadama da allinta a aljihu, ta tsuguna ta yi mana lissafi a bayan ƙwarya. A haka ta haɗa mu bakwai da za mu je jarrabawa, maza huɗu mata uku, a garin da ba a taɓa samun ɗiya mace ta wuce firamare ba. Tun kaka take bin gida gida tana lallashin iyaye har bakwai ɗin suka yarda. A cikinmu Asabe ce kai. Ni sai ta yi zazzaɓi nake zuwa ta ɗaya, kuma ba ta cika zazzaɓi ba.

Ana tashinmu ranar Larabar nan ban ko biya gida ba, na zarce bakin ruwa inda mata ke wanki. Na ba su labari tiryan-tiryan, kuma da na ga sun saki wanki sun zagaye ni, sai daɗi ya kwashe ni, na ƙara da abin da ban gani ba. Na ce har murmushi ta yi. Wata ta dafe ƙirji tana salati, wata ta ce ita dama ta faɗa, macen da ta ƙi aure ta ƙi haihuwa ina za ta san zafin uwa. Kafin la'asar maganar ta gama gari. Musulminmu da Kiristanmu da masu bin addinin kakanni, a kan wannan bakinsu ɗaya ne: in uwarka ta mutu, ko garma ce a hannunka yar da ita kake yi ka kama hanya. Maza suka taru a gindin tsamiya suka tattauna, Baba ya dawo gida fuska a murtuke, ya tsaya a kaina ina tankaɗe. Ya ce, "Macen da anka ce uwarta ta mutu ta ci gaba da rubutu, mi za ta koya ma ɗiyata? Gobe in na mutu ke ma ki ce sai bayan Asabar? Ba inda za ki." Ni fa labari kawai na ba da, ban san jarrabawata nake tunkuɗawa cikin ruwa ba.

Da safiyar Alhamis ina juya kifi a banda na hango jirgin baban Asabe an loda masa taru da tukwane da tabarmi. Dama ya daɗe yana son ƙaura zuwa tunga, can ƙetaren tafki inda masunta ke kafa bukkoki su yi watanni, jarrabawar Asabe ce kaɗai ta riƙe shi. Yanzu kuwa ya ce ba abin da yake jira. Na ga Asabe zaune a kan taru, ba ta ko ɗago kai ba, har jirgin ya ɓace mini. Ƙararrawa ta kaɗa a makaranta, cikinmu bakwai mutum biyu suka je. Sista ta bi gidaje tana tambaya, ko'ina aka ce mata maigidan ba ya nan.

Inna ce ta tsinke abin. Ita ma ta yi Allah wadai da Sista a bakin ruwa, amma da azahar ta ɗora tukunya ta ce, "Ko ta yi kuka ko ba ta yi ba, mutuwa dai an yi. Baƙuwa ce, a ƙasarmu anka yi mata rashi, ba mu bari ta hura wuta da hannunta." Ta aika gida gida. Da la'asar mata suka fito da tabarmi da kwanonin tuwon shinkafa da kunu, ni ma aka ɗora mini kwano ɗaya, muka nufi ɗakin Sista da ke jikin makaranta. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofarta aka zauna kamar yadda ake yi wa kowa. Ta fito tana duban mu ɗaya bayan ɗaya, ba ta gane ba, sai da tsofaffi suka fara, sannu da haƙuri, ya muka ji da rashi, Allah shi ba ki dangana. Inna, da ba ta iya ɓoye magana a ciki ba, ta ce, "Sista, don Allah mi ya hana ki tahiya?" Sista ta zauna a bakin tabarma ta ce, "Innar Hajara, ai ku kuka ce ba za a shiga jirgi da 'ya'yanku su kwana Yelwa ba sai a hannuna. Na ce na ɗauki amana. In na tafi ba wanda zai sake su, jarrabawar kuma sau ɗaya ake yi a shekara. Mama ta riga ta tafi, waɗannan suna nan." Ba ta ƙarasa rufe baki ba kuka ya ƙwace mata, irin kukan da ban taɓa zaton babba yana yi ba, tana kiran Mama da yarensu. Ta kife a cinyar Inna, lulluɓin ya zame, ga gashi nan har da furfura, ga kunnuwa kamar na kowa. Sai mata suka ɗauki kukan gaba ɗaya. Ni ina tsaye da kwano a ka, miya tana zubo mini a wuya, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Abin da Inna ta faɗa wa Baba ban ji ba, amma kafin magariba ya zo ƙofar Sista shi da sauran iyaye maza, suka durƙusa suka yi gaisuwa. Baba ya ce ta tafi, shi zai kai mu Yelwa da kansa ya dawo da mu. Sista ta girgiza kai ta ce ai babur ya tafi tun jiya, ko da asuba ta kama hanya ba za ta riski jana'izar ba. Na ga Baba ya sunkuyar da kai, abin da ban taɓa gani ba. Aka tashi samari biyu su bi baban Asabe, amma tungaye a ƙetare ba ɗaya ba ne ba biyu ba, kuma iska ta taso, suka dawo hannu wofi. Ran Juma'a bayan an sauko masallaci muka shiga jirgin Baba mu shida. Sista ta ƙi shigowa, ta tsaya a ruwa har idon sawu, takardar Asabe mai hoto a hannunta, tana duban ƙetare, sai da Baba ya ce in ba mu tashi yanzu ba hadari zai riske mu a tsakiyar kututturan da ke ƙarƙashin ruwa, sannan ta shigo. Washegari a ɗakin jarrabawa lambar Asabe tana kusa da tawa, bencin babu kowa. Muna fitowa Sista ta ƙirga mu a hannun Baba a tasha, ta hau bayan wata babbar mota a kan buhunan albasa. Ran Litinin ta isa, kabari ta tarar. Bayan mako guda muka ji ƙararrawa ta kaɗa, Sista ta dawo.

Na ci jarrabawa, na yi karatu, yau ni ma alli nake riƙewa a wata firamare a Yelwa. Sista ta ƙara shekaru a ƙauyenmu kafin a ɗauke ta zuwa wani wuri, kuma ko sau ɗaya ba ta tambayi wanda ya kai magana bakin ruwa ba, ni ma ban taɓa samun ƙarfin halin faɗa mata ba. Asabe ba ta sake komawa aji ba. Bara wani ɗan ajinmu ya turo mini saƙo a waya cewa Sista Monika ta rasu, ta tsufa ƙwarai, an binne ta a wajen 'yan'uwanta masu lulluɓi. Na rasa wanda zan yi wa gaisuwa, sai na sami kaina a kasuwa, a layin masu banda, gaban tiren Asabe. Na faɗa mata rasuwar, sannan na faɗa mata abin da na riƙe shekara da shekaru, har da murmushin da na ƙara. Ta kore ƙuda daga kan kifi ta ce, "Haba Hajara, ai gari duka ya san ke ce." Ta ƙara da cewa, "Abin da ba ki sani ba, sau uku ta haye tafki nemana, ita da ko iyo ba ta iya ba. Baba ya riga ya yi magana gaban maza, ba shi janyewa. Da ya hango farin lulluɓi sai ya ce in shige ciyawa. Zuwan ƙarshe ina kwance ina jin tana kiran sunana, ban amsa ba." Na zauna a kan kwandonta.

Yanzu babura suna zirga-zirga zuwa ƙauyenmu rani da damina, makarantar ta samu sabon rufin kwano da katanga, yara mata suna zuwa jarrabawa ba wanda ya roƙi ubansu. Da yanzu ne, da waya ɗaya ta isa a sasanta komai, Sista ta tafi ta ga fuskar uwarta. Amma nakan yi kewar matan nan da suka zagi mutum yau suka kai masa tuwo washegari, nakan kuma yi kewar gajeruwar matar da ban taɓa ce wa ta yafe mini ba. Don mutum bakwai ta bari aka binne uwarta ba ta nan, ni kuwa da bakina na mayar da su shida.