Ruwan da Rasmata Ba Ta Taɓa Shiga Ba

Rasmata Ilboudo tana shanya zannuwan gado a bayan masaukin, sai Egya Ekow ya ɗago kai daga ƙofar banɗakin da yake gyarawa.

"Ke Burkina, dogon Baturen nan da na gani da tawul a wuya, ina ya nufa?"

"Henrik? Bakin tafki. Iyo ya tafi."

"Wa ya nuna masa can?"

Ta sunkuyar da kai. Tsohon ya dubi teku, ya dubi kwale-kwalen gari da ke jere a kan yashi, babu ko ɗaya a ruwa. Sai ya saki guduma ya ruga. Mako bakwai ke nan tana Ampenyi, garin masunta a bakin tekun Gana, ba ta taɓa ganin mutumin nan yana sauri ba. Shekararsa sittin da takwas, ga ciwon gwiwa, ko abinci aka kira shi sai ya ƙarasa ƙusar da yake bugawa. Ganin yana gudu ne ya sa ta gane akwai matsala. Ta tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu, ruwa na ɗiga mata a ƙafa, ta kasa gane ko gaba za ta yi ko baya.

A Koudougou ta ƙasar Burkina aka haife ta, garin da ya fi kilomita ɗari bakwai daga teku. Mahaifinta malamin firamare ne, ya hana 'ya'yansa kusantar dam tun suna ƙanana, don haka ta girma ba ta san ruwan da ya wuce na bokiti ba. A jami'a labarin ƙasa ta karanta. Ta gama, ta zauna jarrabawar ɗaukar ma'aikatan gwamnati, sunanta bai fito ba. Wata takwas tana gida tana taya mahaifiyarta sayar da atamfa, duk wadda ta shigo shago sai ta tambaye ta, "Har yanzu shiru?" Daga ƙarshe ta sayar da babur ɗinta, ta sayi jakar goyo, ta ce wa mahaifiyarta Gana za ta je ta gyara Turancinta.

Tsarin ba wuya. Akwai masaukai na matafiya masu ƙaramin ƙarfi, inda mutum takwas ke kwana ɗaki ɗaya. Ka yi musu aikin awa biyar a rana, su ba ka gadon sama da karin kumallo. Ta yi wata guda a Tamale tana wanke banɗaki, ta yi wata biyu a Kumasi, a can aka fara zaunar da ita teburin karɓar baƙi. Ta ji daɗin rayuwar nan ƙwarai. Babu mai tambayarta aiki ko aure, kowa abin da yake tambaya shi ne daga ina, sai ina.

Sai dai teburin yana da nasa nauyin. Sauran masu aikin gado Turawa ne, ita kaɗai ce baƙar fata, saboda haka baƙi ita suke ɗauka 'yar gari. Ita za a tambaya motar da za a hau, abincin da ba ya ɓata ciki, hanyar da ba ɓarayi. Kuma idan sun tafi sukan rubuta yabo ko suka a intanet har da sunan mutum, da wannan rubutun masauki na gaba yake dubawa ya karɓe ka ko ya ƙi. Rasmata ta koyi ba da amsa da sauri, tana murmushi, ko ta sani ko ba ta sani ba.

A Ampenyi ta tarar da wani babban littafi a kan tebur, duk mai aikin da ya zo ya rubuta abin da ya gano don na bayansa. Wata 'yar Sifen ta rubuta a watan Janairu cewa bakin tafki, bayan duwatsu, ya fi ko'ina daɗin iyo, ruwan a kwance yake, ita can take shiga kullum da safe. Rasmata ta haddace. Da farko takan ce wa baƙi, "An ce wurin da kyau." Sai ta lura "an ce" ba ya gamsar da su. Ba ta san ranar da maganar ta koma "ni ma can nake iyo kullum" ba.

A kicin kuwa kowa ya san gaskiya. Maame Ekuwa mai girki, matar Egya Ekow, ba ta rabuwa da tsokanarta.

"Burkina, teku ya aiko a gaishe ki. Ya ce yaushe za ki leƙo?"

"Ki ce masa ina da aiki, Maame."

"Aikin me? Jiya na ga igiyar ruwa ta taso, kika yi tsalle kamar akuya ta ga wuƙa."

Egya Ekow shi bai yi mata dariya ba. Shekara arba'in ya yi yana su kafin gwiwa ta ajiye shi. Sau biyu yana ce mata, "'Yata, zo in koya miki. Kwana uku ya isa, ni na koya wa duk yaran layinmu." Tana so. Amma a gaban masaukin za a yi, baƙi na kan kujeru suna kallo, mutanen da ta gaya wa kullum tana iyo za su ga tsoho na riƙe da haɓarta a ruwan da bai kai ƙugu ba. Sai ta ce masa wani satin.

Abin da ba ta haɗa ba shi ne, a Janairu yashi ne ke toshe bakin tafkin. Yanzu Yuli ne, damina ta fasa shi, ruwan tafki na kwarara cikin teku da ƙarfi, yana jan duk abin da ya tarar. Ta san wannan. Ta taɓa zana shi a takardar jarrabawa da jan biro da shuɗi, ta ci maki mai kyau. Baƙi shida ko bakwai ta tura can duk suka dawo lafiya suna gode mata, domin masunta na wurin suna jan taru, da sun ga Bature ya nufi mashigar ruwan sai su daka masa tsawa su nuna masa gefe. Ranar kuwa Talata ce, ranar da bisa al'adar garin ba mai shiga teku, ba mai jan taru. Wannan ma ta sani, da hannunta ta rubuta a allon abinci da safen nan cewa yau babu ɗanyen kifi.

Henrik malamin makaranta ne daga Denmark, mutum mai yawan tambaya. Da safen nan ya tsaya a tebur ya ce, "Kin tabbata babu haɗari? Ban ƙware a iyo sosai ba."

Ta ce, "Haba, ni fa kullum can nake shiga."

Ko da ta iso bakin tafki numfashinta na sarƙewa, mata masu ƙyafe kifi sun riga sun fito suna ihu. Can nesa, nesa fiye da yadda ta zata mutum zai iya kaiwa, ta hango kai ɗaya yana nutsewa yana fitowa. Egya Ekow bai bi ta mashigar ba, ta gefe ya shiga, sannan ya karkata. Ta ga kawuna sun zama biyu. Maza da ke ɗinkin taru a inuwa suka tsaya cirko-cirko na ɗan lokaci, wani ya ce yau Talata, wani ya zage shi, suka taru suka tura kwale-kwale. Sun ɗauki lokaci kafin su kai. Duk tsawon lokacin tsohon na tallafe da mutumin da ya ninka shi nauyi.

Henrik da ƙafarsa ya sauko, yana tari yana amai. Egya Ekow kuwa ɗauko shi aka yi. Aka kwantar da shi, aka danna ƙirji, ruwa ya fito, numfashi ya dawo da wani irin gurnani, amma bai buɗe ido ba. Wani ya ruga titi neman tasi. Maame Ekuwa ta iso da ludayi a hannu, ba ta ma san tana riƙe da shi ba.

A nan ne Henrik, yana rawar ɗari, ya nuna Rasmata. Ba zarginta yake ba, mamaki kawai yake.

"Ban gane ba. Ita fa kullum nan take iyo."

Wani ya juya maganar zuwa Fante, yaren garin. Sai wata mai kifi ta tafa hannu ta ce, "Wannan? Wannan da ko tafin ƙafarta teku bai sani ba?"

Maame Ekuwa ta juyo. "Ke kika faɗa masa haka?"

"Ni ce, Maame."

"Don me?"

Tasi ta iso, aka cusa tsohon a baya. Kafin Maame ta shiga, ta kwance makullan kicin daga bakin zanenta ta jefa mata a yashi.

"Baƙi tara ne, sai sun ci. Kin iya dafa shinkafa, ko ita ma a baki ne?"

Ta dafa. Ta ƙone ƙasan tukunya, baƙi suka ci ba wanda ya ce uffan. Mai masaukin ya bugo daga Accra ya ce kada ta yi magana da kowa, ai akwai allo a ƙofa da ya ce kowa ya shiga ruwa da ganin damarsa ya shiga. Henrik ya zo ya dafa kafaɗarta ya ce kada ta ɗora wa kanta, shi ne babba, shi ya kamata ya duba. Wannan ya fi zagin mai kifin ciwo. Da ta fita sayen burodi, matar da kullum ke ce mata "Burkina, ya gida?" ta miƙo mata canji tana kallon wani waje.

Ranar Laraba da safe ta tattara kayanta. Abin da rayuwar jaka ta koya mata ke nan, idan wuri ya yi zafi akwai mota. Minti goma ya ishe ta. Ta fita ta ƙofar baya, ta hau motar Cape Coast da niyyar ta canza zuwa ta Kumasi. Da ta sauka a tasha ta daɗe tsaye, kwandastoci na jan jakarta, sannan ta tambayi hanyar asibiti.

Ta tarar da Maame Ekuwa zaune a benci a baranda, da kayan jiya a jikinta. Ta tagar ɗakin ana hango Egya Ekow, robar numfashi ta rufe masa rabin fuska. Ya ƙanƙance a kan gadon. Rasmata ta durƙusa.

Maame ta dubi jakar kafin ta dube ta. "Har kin goya?"

"Maame, na zo in ba ki haƙuri."

"Ni kika jefa a ruwa?" Ta gyara ɗankwali. "Haka kuke ai. Ku zo, ku ci, ku ɗau hoto, ku goya jaka. Goma sha nawa na gani a gadon nan naki. Ke dai na ɗauka tamu ce, shi ya sa nake ƙara miki kifi."

Rasmata ta fashe da kuka. Maame ta bar ta ta yi, ba ta lallashe ta ba, ba ta kuma kore ta ba.

"Share fuskarki, mutane na kallo. Ji nan. Idan ya farka, ki faɗa masa da bakinki abin da kika faɗa wa Baturen, bayan nan ki tafi inda za ki. Idan kuma bai farka ba, za a nemi masu ɗaukar kujeru da wanke kwanuka a zaman makoki. Ko ta yaya dai ba yau za ki tafi ba. Wa kika bar wa kicin?"

"Ba kowa."

"To tashi."

Kafin ta fita likita ya zo, ya ce ruwan da ya shiga huhu ya jawo zazzaɓi, sun canza magani, sai an ga yadda jikin zai karɓa. Bai ce zai tashi ba, bai ce ba zai tashi ba.

Rasmata ta koma Ampenyi da motar rana. Har yanzu ba ta gaya wa mahaifiyarta komai ba, da ta kira sai ta ce mata aiki ne ya yi yawa. Yau Alhamis. Maame Ekuwa ta ce za ta bugo da zarar likitoci sun gama zagayen safe. Ƙarfe biyu ta wuce, ba ta bugo ba tukuna.