Uwar Da Ta Ce Za Ta Buɗe Wa Fatalwa Ƙofa

Wata rana da la'asar, a wani gida a Gusau, Hansatu na zaune a falo tana tsintar shinkafa, 'ya'yanta mata biyu suka kunna fim ɗin ban tsoro.

Ita kallo bai dame ta ba. An kawo wuta ne, iskar fanka ta zaunar da ita.

A fim ɗin, yaro ne ya mutu aka binne shi. Sai ga shi ya dawo yana buga ƙofar gidansu yana kiran uwarsa. Uwar ta jawo kujera ta tokare ƙofar.

'Yan matan suka cure wuri ɗaya, suna ta gargaɗin matar kada ta kuskura ta buɗe, kamar tana jin su.

Hannun Hansatu ya tsaya cak a cikin tire.

Bara ta rasa Nafi'u, ɗanta na fari. Kun dai san kunyar ɗan fari a wurinmu. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, daga "kai" sai "yayanku". Ranar da aka fita da gawarsa ko ɗigon hawaye ba a gani a idonta ba, mata suka yi ta yabon dauriyarta.

Babbar 'yarta Suwaiba ba ta yaba ba. Ta yanke hukuncin cewa uwarsu ba ta taɓa son yayansu ba. Gaisuwarta ta koma ta fatar baki. Hansatu na gani, abin na cin ta: ta rasa ɗaya a kabari, ga wata tana suɓuce mata a cikin gida.

"Ku kashe abin nan," in ji Hansatu.

Suwaiba ko waiwayowa ba ta yi ba. "Ashe akwai abin da ke taɓa ki, Umma? Fim ne fa."

"Ba tsoro nake ji ba. Matar nan ce ta ba ni haushi. Ɗanta na kiranta, ta tokare ƙofa."

"Ai fatalwa ce."

"Ko a wace kama ya zo, ni buɗewa zan yi. Ya shigo ya yi mini abin da ya ga dama. In dai zan ce masa Nafi'u sau ɗaya, ya ji da kunnensa."

Da ƙyar sunan ya fito. Bakin bai saba ba.

Suwaiba ta sulalo ƙasa ta kifa kanta a cinyar uwarta. A nan Hansatu ta yi kukan da ta haɗiye tun bara, tana ta maimaita sunan.

Mai sunan kuwa ba ya nan balle ya amsa.

Darasi: Kunya ado ce, ban musa ba. Amma son da ɗanka bai taɓa ji daga bakinka ba, kabari ba ya isar masa da shi. Kuma kada ka auna baƙin cikin uwa da yawan hawayenta.

Tura wa wata uwa ko wani uba, tun masu sunan na kusa suna iya amsawa.