Gaisuwata a Tashar Faransanci

Tashar nan ta ci dambun namana, kuma ban ji gaisuwata ba. Har yau ban yafe ba.

Lokacin ina dafa abinci a gidan wani Alhaji a Nassarawa GRA, shekarun da man fetur ya sa kowa hauka, har firji biyu gare mu, ɗaya Hajiya turarukanta take ajiyewa a ciki. Maigadinmu mutumin wani ɗan gari ne can cikin Nijar, kuma garin na da gidan rediyo. Shi ya ba mu tarihinsa, ko an tambaye shi ko ba a tambaya ba.

Wai wani tsohon soja ne ya dawo daga ƙasar Faransa da akwatin watsa magana, ya kafa shi a shagon tela, ya rataya waya a kan gawo. Duk garin Hausa ake ji, amma tsohon ya rantse akwatin bai saba da ita ba, in aka zuba masa Hausa zai ƙone. Don haka rasuwa, suna, ɓatan raƙumi, duk da Faransanci ake sanarwa, sannan a je majalisa a tambayi me aka ce. Ranar kasuwa ba shiri, don mai niƙa ya ari injin wuta.

Al'adarsu, mai son a gaishe shi a rediyo sai ya aika wa tsohon abin taɓawa. Direban Alhaji ya aika goro, aka gaishe shi, ya yi mako yana tafiya kamar hakimi. Na ce wallahi ni ma sai an ambace ni. Na daka dambu, na ba wani mai mota, ƙanin maigadi, ya kai wa tsohon.

Ga matsalar. Rediyon maigadi na jone da lantarki a ɗakin ƙofa, tashar kuma ba ta kamuwa sai an ja wayar eriya har gindin mangwaro, can bayan gida, wani ya hau turmi ya ɗaga ta. An gwada mai shara, an gwada direba, sai ƙara kamar ana soya ƙosai. Ni ina riƙewa, murya ta fito tar.

"Iya, jikinki ne ke da kamu," in ji maigadi. "Baiwa ce."

"Baiwar gidanku. Ku kuna kan tabarma, ni ina kan turmi kamar zakara."

Haka kullum bayan la'asar. Daga can ba na jin komai sai dariyarsu.

Ran nan ina tsaye, hannu ya sage, sai direba ya ƙwala ihu: "Iya! Ke ce! Ga ki nan!"

Na saki waya, na diro, na zo a guje zani a hannu. Ina isowa na tarar da suyar ƙosai.

"Haba Iya, wa ya ce ki saki?"

Na koma da gudu na haye turmi. Direba ya sake ihu. Na sake saki. Sai a karo na uku hankalina ya gaya mini abin da ko akuya ta sani. Kafin nan an wuce ni, an shiga cigiyar raƙumi.

"Me ya ce a kaina?"

Maigadi ya gyara rawani. "Ya ce madam ta Kano, dambu ya yi, sai dai yaji."

Direba ya ce shi dai ya ji "madam". Mai shara ya ce yana jin raƙumin ne madam.

Tuwonsu na ranar ba gishiri.

Washegari da safe na sake ɗora naman dambu a wuta, na je kasuwar Gama na sayo batura. Maigadi na alwala na shiga ɗakinsa, na zare rediyon daga bango, na goya shi da zani kamar jariri, na nufi turmi in gwada. Ya biyo ni da buta yana salati. Na ce, "Malam, daga yau mai riƙon waya ita ce mai ji. Mai son labari ya kawo tabarmarsa gindin mangwaro."