Garin Roba a Gwiwar Mama

Mama ta yi aikin jinya a Damagaram tun ina goye har na yi aure, kuma kusan duk aikin a tsaye ta yi shi. Lokacin da ta yi antare, wato ta ajiye aiki, ta dawo gida ta zauna, gwiwarta ta dama ta riga ta gaji. In za ta tashi daga tabarma sai ta dafa bango, ta tsaya ta numfasa, sannan ta ɗaga ƙafa. Ciwon ta iya daure shi. Abin da ya fi ci mata rai shi ne zumuntar mata ta majami'armu, domin ita ce mai buga musu tulu, ita ce kuma ke fara taka rawa in waƙa ta yi daɗi. Sai ga ta a kan benci tana kallon ƙannenta suna yi.

Yayana, wanda ke aiki a Yamai, shi ya kai ta Tunis. Likitocin can suka ce gefe ɗaya ne kawai na gwiwar ya cinye, na ciki, saboda haka rabi za su sake, su bar mata sauran nata na haihuwa. Suka sa ƙarfe a sama, ƙarfe a ƙasa, da wata roba mai tauri a tsakani. Mama ta dawo tana alfahari da wannan rabin. Duk wanda ya zo barka sai ta ja zane ta nuna masa ɗinkin, ta ce, "Dubi ƙanƙantarsa. Ba su taɓa mini jijiya ba."

Shekarun da suka biyo baya ba na son tuna su, don sun yi daɗi da yawa. Ta ajiye sanda. Takan tafi kasuwa da ƙafa ta dawo da ƙafa, in ɗan kabu-kabu ya tsaya mata ta ce ya yi gaba. Da kaka takan shiga mota zuwa Droum wurin wata aminiyarta manomiya, su wuni suna ɓarar gyaɗa, ta dawo da buhu. Ranar Kirsimeti ta farko bayan aikin ta yi rawa har ɗankwalinta ya faɗi, mata suna guɗa. Jikokinta suka sa mata Kaka Mai Ƙarfe, tana amsawa.

Ni na fara lura da kumburin, wata rana da na biyo daga lekol inda nake koyarwa. Na tarar ta miƙe ƙafa a kan kujera, ta ɗaure gwiwar da tsumma mai sanyi.

Na ce, "Mama, yaushe wannan ya fara?"

Ta ce, "Tafiya ce ta yi yawa. Zai saɓe."

Bai saɓe ba. Ta yi ta jinyar kanta da ƙwayoyin da ta sani, har sai da gwiwar ta yi tulu-tulu, tana wani ƙaras-ƙaras in ta lanƙwasa ta. Muka je asibiti, aka zuƙe ruwa da sirinji, aka gwada, aka ce babu ƙwayar cuta. Na yi murna. Ita ba ta yi ba. Ruwan ya sake taruwa, aka sake zuƙewa, sannan aka tura mu ɗaukar hoton ƙashi.

Muna jiran likita a baranda ta zaro hoton daga ambulan ta ɗaga shi saitin rana. Ta daɗe tana kallo. Ni ban ga komai ba sai ƙarafan nan biyu farare tas. Ta sa yatsa a ƙarƙashin na ƙasan, inda wani duhu ya zagaye shi.

Ta ce, "Nan da ƙashi ne."

"Yanzu fa?"

Ta mayar da hoton cikin ambulan.

Likitan ƙashin mutum ne mai sanyin magana. Ya ce robar da ke tsakanin ƙarafan ce take gogewa. Duk takun da Mama ta yi, ƙarfe yana ɗan kankare ta, ta zubar da gari mai laushin da ido ba ya gani. Garin ba shi da hanyar fita, ba ya kuma narkewa. Jiki sai ya ɗauke shi baƙo, ya taso masa da faɗa, to a garin wannan faɗan ne yake cin ƙashin da ke riƙe da ƙarfen. Yanzu ƙarfen ƙasan ya fara motsi.

Mama ta ce, "To a wanke garin mana, dokta."

Ya ce, "Ko an wanke, Mama, robar tana nan tana zubar da wani. Sai dai a cire duka, a sa cikakkiyar gwiwa, a cike gurbin ƙashin da ya tafi. Mu kuwa ba mu da kayan wannan aikin a nan."

Ta ce, "Da na zauna wuri ɗaya, da bai faru ba?"

"Don ki yi tafiya aka sa miki. Wasu takan kai su har ƙarshen rayuwa. Wasu ba ta kai su."

Yayana ya tura hotunan zuwa Tunis ta waya. Suka ce za a iya, amma aikin ya fi na farko girma nesa ba kusa ba, sai an duba zuciyarta tukuna. Muka yi doguwar tafiyar nan a kar, babbar motar fasinja, zuwa Yamai, ƙafarta a miƙe a kan cinyata, kowane rami sai ta runtse ido. Likitan zuciya ya duba ta, ya duba sukarinta, ya ce shi dai ba zai sa hannu a kwantar da ita a yi mata irin wannan aiki ba. Yayana ya nemi wani likitan, shi ma abin da ya faɗa ke nan. Muka juyo gida.

Daga nan Mama ta daina tafiya da gangan. Ko ban ɗaki sai ya zama dole. Na yi ta roƙonta ta ɗan zagaya tsakar gida don kada ƙafafun su mutu, ta ce, "Kin ji abin da ya ce. In na taka, kaina nake niƙawa." Zaman kuma ya shanye naman cinyarta, ɗayar ƙafar mai lafiya ita ma ta raunana. Na rasa wanne zan ce ta yi, don duka biyun ɓarna suke.

Matan zumunta suka zo wata Asabar su yi mata waƙa a gida. Suka ɗora mata tulun a cinya. Ta ɗan buga, hannunta bai manta ba, sai wata daga cikinsu ta miƙe ta fara takawa. Mama ta tsayar da kiɗan, ta miƙa tulun ga wadda ke kusa da ita. Da suka tafi ta ce in gaya wa matar fasto su riƙa yi mata addu'a daga can, kada su sake wahalar da kansu. Aminiyarta ta Droum ma ta zo da wata saiwa da man shafawa. Mama ta karɓa ta yi godiya, ta bari aka shafa mata, alhali ta san inda ciwon yake babu man da ke kaiwa.

A damina ta bara santsi ya kwashe ta a bakin ƙofar ɗakinta, ƙashin da ya riga ya zama holoƙo ya tsage a ƙarƙashin ƙarfen. Aka ɗaure ƙafar. Tun ranar ba ta sake tsayawa ba. Na kwaso ƴaƴana muka dawo gidan, ni ke mata wanka, ni ke juya ta. Matar da ta juya marasa lafiya ba adadi, yanzu in na ɗaga ta sai ta kau da kai don kada mu haɗa ido. Littafi Mai Tsarki yana gefen filonta, amma na daɗe ban ga ta buɗe shi ba, ban kuma tambaye ta ba.

Yayana har yanzu yana bugo waya, yau ya ji labarin wani likita a wata ƙasa, gobe wani sabon magani. Makon jiya ya bugo ina cikin ba ta kunu. Na miƙa mata wayar, ta girgiza kai.

Ta ce, "Ki ce masa ya daina yawon nan. In yana son ganina ya zo kawai."